Son Fari da Mallakar Hankali: Nazarin Littattafai Uku Daga Mahangar Ƙasar Gobir

Gabatarwa

 

Wannan maƙala ta shafi wani al'amari ne da kusan kowane baligi ya ratsa ta cikinsa, amma dattijai ba su cika son a tayar da zancensa a gaban yara ba, wato son fari, da irin karayar zuciyar da kan biyo baya idan aka raba saurayi da yarinyar da ya fara so, ko aka raba yarinya da saurayinta. Kunya ce ta sa muke yin shiru, kuma kunya abu ne mai kyau. Sai dai shirun da muka yi bai hana yaranmu neman bayani a wani wuri ba. Sun same shi a littattafan ƙagaggun labarai, sun same shi a finafinai, yanzu kuma suna samunsa a wayoyin hannu.

Tun daga shekarun 1990 malamai da iyaye ke kokawa da littattafan soyayya. Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, Malam Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya musu, aka yi ta musayar ra'ayi a jaridu. A shekarar 2007 har an tara wasu daga cikinsu an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Jihar Kano. Ni dai a ganina an yi ta wannan muhawara ne a kan tambayar da ba ita ce muhimmiya ba. Tambayar da aka riƙa yi ita ce ko ya dace a rubuta labarin soyayya. Wadda ta kamata malamin makaranta ya yi ita ce: bayan an raba masoyan nan, me yaron ko yarinyar suka zama? Da wannan ma'auni zan duba littattafai uku, wato Jiki Magayi, da In Da So Da Ƙauna, da Wa Zai Auri Jahila? Kafin nan, ya zama wajibi in bayyana yadda al'adarmu ta yankin Isa da Bafarawa da Sabon Birni ta ɗauki wannan al'amari, domin da ita zan auna su.

Son fari a al'adar ƙauyukanmu

Wanda duk ya tashi a ƙauyukan da ke bakin gulaben Rima da Bunsuru da Gagare kafin zuwan talabijin ya san cewa dandali shi ne makarantar farko ta soyayya. Bayan kaka, an kai gero rumbu, farin wata ya fito, 'yan mata kan taru su yi gaɗa, makaɗi ya kawo kalangu, samari su tsaya gefe ƙarƙashin kulawar sarkin samari. A nan ne yaro kan ga wadda ta kwanta masa a rai. Ba ya tunkararta kai tsaye, sai ya aika abokinsa wurin ƙawarta. Idan ta amsa, sai toshi ya fara: goro, ɗan kuɗin kashewa ranar kasuwa, turare ko sabulu idan salla ta matso. Daga nan sai zance a ƙofar gida, ƙanenta na kusa, tsohuwar gidan kuma kunnenta na waje.

Abin lura a nan shi ne, duk garin ya san wane ne ke son wance. Soyayyar a fili take, saboda haka idan ta watse, a fili take watsewa. Kuma manya sun san da yawa daga cikin irin wannan so ba ya kaiwa ga aure. Dalilan sanannu ne. Akwai auren zumunta, inda aka riga aka yi wa yarinya miji tun tana goye. Akwai alkawarin da uba ya yi wa amininsa ko malaminsa. Akwai mai hali da zai shigo daga baya da abin hannunsa. Sannan a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, uba na da ikon aurar da 'yarsa budurwa, alhali bazawara sai da yardarta. Wannan bambanci ya yi tasiri ƙwarai a rayuwar matan da. Misali mafi kusa da aka rubuta shi ne na Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki tarihinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954. An aurar da ita ga ɗan'uwanta Duma alhali zuciyarta na wurin Malam Maigari. Ta bi umarnin iyaye, ta zauna shekaru, daga baya auren ya mutu ta auri wanda take so. Duk wanda ya zauna da tsofaffin matan Turba ko Gatawa ko Tsamaye ya ji labarai masu kama da wannan.

To, me al'ada ta tanadar wa wanda aka kayar? Abu na farko, ana mayar masa da dukiyarsa. A shekarun da na yi ina aikin ƙaramar hukuma na sha ganin yadda ake zama, a gaban mai unguwa ko a kotun alƙali, a lissafa abin da saurayi ya kashe tun daga kayan na-gani-ina-so har zuwa gayyar da ya kai gonar surukai, a biya shi. Wani zai ce kuɗi ba ya maganin ciwon zuciya. Gaskiya ne. Amma zaman da kansa yana da amfani, domin shaida ce a bainar jama'a cewa an yi masa ba daidai ba, kuma magana ta ƙare daga ranar. Abu na biyu, abokai. Sukan yi masa ba'a har ya gaji ya yi dariya, kuma ba sa barinsa ya kwana shi kaɗai. Abu na uku, cin rani. Tsohon Lardin Sakkwato ya yi suna wajen tafiya cin rani, har wani Bature mai suna Prothero ya yi bincike a kai a shekarun 1950. Neman kuɗin haraji da na aure ne babban dalilin tafiyar, amma samari da yawa sun kama hanyar Ibadan ko Ikko ko Kumasi ne don kada su ga ranar da za a kai amarya gidan wani. Kafin damina su dawo da keke ko rediyo, da labarin duniya a bakinsu, an fara sa su cikin shawarar gida.

Ba ina cewa wannan tsari babu zalunci a cikinsa ba ne. Yarinya ba ta da cin rani. Nata rabon shi ne kuka a ɗakin amarci, da yaji, wani lokaci da gudu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, al'ada ta ɗauki rabuwar nan a matsayin mashigi da ake ƙetarewa a shiga sahun manya, kuma ta tanadi masu riƙe hannun mai ƙetarewa, ko da yake ta fi tanadar wa namiji.

Jiki Magayi: wanda ya ƙi ƙetarewa

Jiki Magayi na John Tafida Umaru da Rupert East ya fito ne a tsakiyar shekarun 1930 daga Zariya, cikin littattafai biyar na farko da suka biyo bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa labarin soyayya ba baƙo ba ne da ya shigo mana daga finafinan Indiya. Da shi aka buɗe ƙofar ƙagaggen labari a rubutun boko.

Labarin sananne ne ga duk wanda ya yi makaranta a zamaninmu. A garin Galma, Abubakar da Zainab sun shaƙu tun suna yara. Malam Shehu, attajiri wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya shigo neman aurenta, dukiya ta yi aikinta, aka ba shi. Abubakar ya yi rantsuwar ɗaukar fansa, ya bar gida ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa. Ya sha wuya iri-iri har ya samu. Yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ya zama sanadin ajalin mahaifinsa ba tare da ya sani ba.

Ƙarfin littafin nan shi ne gaskiyar da ya faɗa game da ƙullaci. Marubutan ba su nuna Abubakar a matsayin mugu tun asali ba. Yaro ne da aka zalunta, kuma mai karatu na tare da shi a farkon labari. Sannu a hankali ne tausayi ke komawa tsoro. Idan aka lura, tafiyar da ya yi ta yi kama da cin rani a siffa: ya bar gari, ya ga ƙasashe, ya jure yunwa da haɗari. Bambancin shi ne ɗan cin rani na tafiya ne ya sauke abin da ke ransa, Abubakar kuwa ya tafi ne ya ƙara masa nauyi. Shekaru sun wuce, jikinsa ya tsufa, amma hankalinsa na nan tsaye a ranar da aka ɗaura auren Zainab. Bai sami Zainab ba, bai gina kansa ba, kuma wanda ya fi cutuwa yaro ne da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi laifin. Hausawa na cewa in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Littafin ya ƙara da nuna cewa mai ginin kan ƙare ƙuruciyarsa ne a cikin ramin.

Inda littafin ya gaza, a nawa ra'ayi, shi ne wajen Zainab. Zuciyar Abubakar aka bi daki-daki. Ita kuwa da zarar an ɗaura aure sai ta koma uwar Kyauta. Ba a tsaya an nuna mana yadda yarinya ke kwana da tunanin alkawarin da ta karya ko aka karya mata ba. Wannan gurbi ya zauna a buɗe fiye da shekara 40, sai da mata suka ɗauki alƙalami da kansu, tun daga Hafsat Abdulwaheed da littafinta So Aljannar Duniya a 1980.

In Da So Da Ƙauna: wanda aka dawo da shi baya

A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a Kano. Littafin ya yi farin jini irin wanda ba a saba gani ba, aka mayar da shi fim, kuma ya iso mana har nan ta hannun 'yan kasuwa da ɗalibai masu dawowa hutu. Kwafi ɗaya kan zagaya ɗakin kwanan ɗalibai har bangonsa ya cire.

Sumayya 'yar masu kuɗi ce, Muhammad ɗan talakawa. Ita ta fara nuna tana sonsa. Sai Abdulƙadir, mai dukiya, ya biyo ta hannun kakarta da kyaututtuka, gida ya juya wa Muhammad baya. Da Sumayya ta ga an rufe mata kowace ƙofa sai ta faɗa rijiya. Allah ya yi da sauran kwananta, aka ceto ta, kuma daga ƙarshe masoyan suka sami biyan bukata.

Dole a yaba wa marubucin a kan abubuwa biyu. Na farko, harshe. Ya rubuta Hausar da samari da 'yan mata ke yi da gaske, har yaran da ba su taɓa gama karanta littafi ba suka gama nasa. Malamin Hausa da ya raina wannan bai san wahalar sa yaro karatu ba. Na biyu, ya tona wani abu da kowa ya sani amma ba a faɗa, wato yadda ake sayen bakin tsofaffin gida da goro da turmin zane. Malam Shehu na Jiki Magayi da Abdulƙadir mutum ɗaya ne, tufafi kawai suka sauya cikin shekara 50 da 'yan kai.

Masu suka sun fi tsayawa a kan rijiyar, suna cewa littafin zai koya wa 'yan mata halaka kansu. Ni matsalata da rijiyar ta wata fuska ce. Mata sun san hanyar rijiya tun kafin a haifi marubucin, kuma ɓoye wannan ba zai kawar da shi ba. Aibin shi ne a cikin labarin rijiyar ta biya bukata. Bayan ta ne zukata suka yi laushi, al'amura suka warware. Yarinya 'yar shekara 15 da ke karantawa a Isa ko Kurawa za ta iya fahimtar cewa iyaye ba sa jin magana sai an kai bakin mutuwa. A rayuwa kuwa sau da yawa ba a samun mai cetowa a kan lokaci, kuma kashe kai babban zunubi ne da ba ya gyara komai, sai dai ya bar iyaye da baƙin cikin da ba ya ƙarewa.

Bugu da ƙari, da yake an mayar wa masoyan abin da suka rasa, ba su sami damar koyon zama da rashi ba. Sun sha wuya, babu shakka, kuma sun nuna amana. Amma Sumayya ta ƙarshen littafi ita ce Sumayya ta farkonsa, buri ɗaya, tunani ɗaya. Duniya ce ta sauya ta bi ra'ayinta. Irin wannan ƙarshe na da daɗin karatu, shi ya sa ɗaruruwan littattafan da suka biyo baya suka bi sawunsa. Sai dai mafi yawan yaran da ke gabanmu a aji ba za su auri wanda suka fara so ba, kuma littafin bai ba su guzurin wannan rana ba.

Wa Zai Auri Jahila?: wadda ta ƙetare

Littafi na uku na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ne, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, ya kuma fito a 1990. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da ƙananan shekaru, daga baya ta nemi ilimi da ƙoƙarinta. Saboda haka abin da ta rubuta ta san ɗacinsa.

Wani abin sha'awa shi ne tauraruwar wannan littafi ita ma Zainabu ce, wadda ake kira Abu. Kamar dai an dawo wa Zainab ta Jiki Magayi da bakinta ne bayan shekara 55. Abu yarinyar ƙauye ce mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta Amadu, wanda ta sa rai da shi, ya je birni ya yi boko ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba. Don a rufe kunya sai aka ba da ita ga Sarkin Noma, dattijo sa'ar mahaifinta. Ta ga azaba a gidan, ta gudu Kano wurin wata 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu tun daga tushe, har ta kai ga aikin jinya.

A nan karayar zuciyar ninki biyu ce. Ba wani attajiri ne ya ƙwace mata masoyi ba, masoyin ne da bakinsa ya ƙi ta, kuma ya ƙi ta ne a kan wani rashi da ba ita ta jawo wa kanta ba. Wanda aka yi wa ƙwace yana da wanda zai zarga. Wanda aka raina kuwa kansa yake zargi, kuma wannan ciwo ya fi wuyar warkewa. Gwanintar marubuciyar ita ce ba ta sa Abu ta nemi boka kamar Abubakar ba, ba ta kuma sa ta nufi rijiya kamar Sumayya ba. Kalmar da aka jefe ta da ita, wato jahila, ita ta ɗauka ta mayar abin zaburarwa. A farko tana karatu ne da zafin gorin da aka yi mata. Da tafiya ta yi tafiya sai karatun ya zama nata, Amadu ya daina zama ma'aunin da take auna kanta da shi. Wannan shi ne abin da nake kira mallakar hankali: mutum ya kai inda ra'ayin wanda ya ƙi shi ba ya hana shi barci.

Ga mu mutanen Gobir, tambayar da ke kan bangon littafin nan ba sabuwa ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754 ya kuma yi zamansa na karantarwa a Degel, duk cikin ƙasar Gobir ta wancan lokaci, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru don kai ilimi ga matan karkara. Saboda haka uban da ya cire 'yarsa daga karatu da sunan addini ya saɓa wa abin da aka yi wa'azinsa a wannan ƙasa tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Duk da haka littafin na da nasa rauni. Ya kusa mayar da ƙauye duhu zalla, birni kuma haske zalla. Hanyar tsirar Abu ita ce mota zuwa Kano da 'yar'uwa mai hali da za ta karɓe ta. Yarinyar Bafarawa ko Tozai da ba ta da kowa a birni fa? Gudun da ya yi wa Abu kyau a takarda ya jefa 'yan mata da yawa cikin abin da ya fi auren dolen muni. Haka kuma littafin ya ɗaure nasara da takardar shaida da albashi. Na san mata a yankinmu da ba su taɓa shiga aji ba, aka raba su da waɗanda suke so, suka riƙe kansu da sana'ar ƙuli-ƙuli ko kiwon awaki ko koyar da allo, suka zama waɗanda ake zuwa neman shawara wurinsu. Su ma sun ƙetare, kuma har yau ba a rubuta labarinsu yadda ya kamata ba.

Abin da ya rage gare mu

Idan aka jera littattafan uku, za a ga hanyoyi uku da ke gaban yaron da aka karya wa zuciya: ya riƙe abin a rai har ya cinye shi, ko ya yi caca da ransa don a dawo masa da abin da ya rasa, ko ya karɓi rashin ya gina kansa. Littattafan da aka fi saye sun fi karkata ga ta biyu, alhali ta uku ce rayuwa ke bukata.

Wannan magana ta ƙara nauyi a yau saboda matakan da al'ada ta tanada sun raunana. Dandali ya fara ja baya tun zuwan bidiyo da sauyin fahimtar addini, sannan matsalar 'yan bindiga ta zo ta ƙarasa shi a ƙauyuka da dama na Isa da Sabon Birni. Daga 2019 dubban mutanenmu sun ƙetara iyaka zuwa Jihar Maraɗi, wurin 'yan'uwanmu na Gidan Runji da kewayen Tsibiri, wasu kuma suka watsu cikin garuruwa. Gudun hijira na raba masoya ba tare da an yi zaman sallama ba, kuma uban da ke cikin tsoro kan gaggauta aurar da 'yarsa ga duk wanda ya samu. Soyayya kuma ta koma cikin waya, ta WhatsApp da Facebook, inda babu sarkin samari, babu tsohuwa mai kasa kunne. Yaro na iya shiga so ya fita da rauni ba tare da kowa a gidansu ya sani ba. Saurayin da ke jin an wulaƙanta shi don ba shi da kuɗi, a ƙasar da makami ya yawaita, Abubakar ne da ba ya bukatar tafiya mai nisa neman abin ɗaukar fansa.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana malaman makaranta da kada su tsaya ga ƙwace littafi daga hannun ɗalibi. A karanta tare da su. A tambaye su wane ne ya girma cikin mutanen nan uku, kuma da me. A tambaye su abin da ya kamata abokan Abubakar su yi masa, da wanda ya kamata Sumayya ta kai wa kukanta. Malaman addini kuma suna da abin da ya fi kowane ƙagaggen labari. A cikin Sahihul Bukhari akwai labarin Mugisu, wanda ya riƙa bin Barira a hanyoyin Madina yana kuka bayan ta zaɓi rabuwa da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausaya masa har ya nema masa alfarma wurinta. Da ta tabbatar cewa alfarma ce ba umarni ba, ta ce ba ta bukata, kuma ba a tilasta ta ba. A cikin wannan labari ɗaya an girmama hawayen namiji, an kuma girmama zaɓin mace. Iyaye da samari duka suna da darasi a ciki.

Ga hukumar da ke kula da tarihi da al'adu kuwa, akwai aiki na gaggawa. An adana waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma mun gode wa waɗanda suka yi wannan ƙoƙari. Amma waƙoƙin gaɗa da na daka da na niƙa, inda matan Gobir suka zuba abin da ke ransu game da so da rabuwa da auren da ba su zaɓa ba, suna nan a bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ma a wuraren gudun hijira. Ya kamata a tura ɗalibai mata su ɗauko su tun da sauran lokaci.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa son fari da karayar zuciya tsohon jigo ne a adabin Hausa, kuma al'adar ƙauyukan Gobir ta san shi ta kuma yi masa tanadi gwargwadon hali. An duba Jiki Magayi aka ga ya yi gargaɗi mai ƙarfi a kan ƙullaci amma ya bar mace a baya. An duba In Da So Da Ƙauna aka ga ya ba matasa murya amma ya saka wa ganganci da alheri. An duba Wa Zai Auri Jahila? aka ga shi ya fi kusa da nuna yadda ake girma ta hanyar rashi, duk da cewa hanyar da ya shata ba kowace 'yar ƙauye ke iya bin ta ba. Fatana shi ne a sami marubuta daga cikin 'ya'yan Isa da Sabon Birni da za su rubuta labarin wanda aka raba da masoyinsa, bai gudu ba, bai rama ba, ya zauna a garinsu ya zama mutum.

Allah ya shirya mana zuriya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.